Wasan "Red Dwarf": Me Ya Rage Masa Armashi?

Daga Wakilinmu

A shekarar 1988 ne gidan talabijin na BBC a Ingila ya fara nuna wasan barkwancin nan mai suna "Red Dwarf". Labarin Lister ne, ƙaramin ma'aikaci a wani jirgin sararin samaniya, wanda ya farka bayan shekara miliyan uku ya tarar shi kaɗai ya rage cikin 'yan Adam. Abokin zamansa shi ne Rimmer, shugabansa marigayi, wanda kwamfuta ta maido da siffarsa.

Daɗin wasan ba a jirgin yake ba. Yana ga Rimmer, mai kwaɗayin girma, wanda ya sha faɗuwa jarrabawar ƙarin muƙami, amma bai fasa yi wa Lister iko ba. Kowane ofis yana da irinsa.

Rob Grant da Doug Naylor suka rubuta shi tare, har Grant ya janye bayan kashi na shida na 1993. Kashi na bakwai, a 1997, an ɗauke shi tamkar fim, ba 'yan kallo a zaure, kuma Rimmer ya fice tun ba a yi nisa ba. Hoto ya yi kyau, dariya ta ragu.

A ganinmu, wasan bai farfaɗo sosai ba sai 2012, da tashar Dave ta sake haɗa su suna cacar baki gaban 'yan kallo.