Gashin Masu Shanyewar Ɓarin Jiki Ta Wayar Hannu: Ina Mafita Ga Mutanen Abuja?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san cewa ranar da aka sallami majinyaci daga asibiti ita ce ranar da babban aiki ke farawa. Likita ya ceto rai da ikon Allah, amma hannun da ya saki da ƙafar da ake ja ba su dawowa sai da motsa gaɓoɓi a kai a kai, watau abin da ake kira gashi. Masana sun nuna cewa a watanni 3 zuwa 6 na farko ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon sarrafa gaɓoɓin da suka raunana. In aka yi sake a wannan lokaci, gaɓoɓi na iya sandarewa, magidanci ya koma sai an kwantar, sai an tayar.

To, a nan ne gizo ke saƙa. A Birnin Tarayya, daga cikin manyan wuraren da ake wannan aiki akwai Asibitin Ƙasa da aka kafa a 1999, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Mutumin da ke wani ƙauye a Abaji ko Kwali ko Bwari kuwa, ba ya iya hawa babur, sai an yi shatar mota, an kuma sami mai tallafa shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Iyalin da aka ce su dawo kowane mako sai su koma zuwa wata-wata, daga nan su haƙura.

Yadda Abin Yake

Wannan matsala ce ta sa ake duban wayar hannu. Da farko likitan gashi zai duba majinyaci ido da ido, ya tsara masa motsin da ya dace da shi, alal misali tashi daga kujera, ko miƙa hannu ya ɗauki kofi. Sai a sa masa waɗannan a manhaja ko a bidiyo, waya ta riƙa tuna masa lokaci, likita kuma ya riƙa kiransa yana kallo yana gyara. Haka nan masu cutar karkarwa ta Parkinson na iya amfana.

An gwada, an kuma ga amfani. A 2019 an buga sakamakon wani bincike a Amurka a kan majinyata 124, inda aka ga waɗanda aka yi wa gashin hannu daga gida sun sami sauƙi daidai da masu zuwa asibiti. A gida Nijeriya ma, a 2020 masana a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife sun shirya irin wannan bidiyo da harshen Yarabanci. Ashe kuwa ya kamata a wadata jama'a da shi a Hausa da Gbagyi.

Darasin Baya

Duba marasa lafiya daga nesa ba baƙon abu ba ne a Abuja. A 2007 hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa ta fara wani shiri na haɗa asibitocin koyarwa na Ibadan da Maiduguri da wasu asibitocin tarayya ta tauraron ɗan'adam na NigComSat-1. Tauraron ya lalace a watan Nuwamban 2008, ba a harba madadinsa ba sai a Disamban 2011. Darasin shi ne, shiri ba ya ɗorewa in an rataya shi a kan na'ura kaɗai.

Yau ma akwai cikas. Waya na son caji, bidiyo na cin data, tsofaffi da yawa kuma sai da ɗa ko jika a kusa. Har ila yau, waya ba ta jin taurin gaɓa, ba ta kuma tare wanda zai faɗi. Don haka tilas a koya wa mai jinya aikin, kuma a tabbata mai ba da umurnin yana da rajista da hukumar kula da ma'aikatan gashi da aka kafa a 1988, don kada 'yan damfara su sami kasuwa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuwa ta wajabta tsare sirrin majinyaci.

Ya rage ga hukumomin lafiya na Birnin Tarayya su sa wannan hanya cikin aikin ƙananan asibitocin yankunansa 6, hukumar inshorar lafiya kuma ta ɗauki nauyinta. Su ko jama'a, su riƙa auna jininsu, domin binciken da aka buga a 2018 a kan Nijeriya da Gana ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo wannan ciwo. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.