Gargaɗi: Kada a Raba Shawara da Zawon Jini Gida Biyu

Jama'ar Kaya, da 'yan'uwa na Maradun, Bakura da Talata Mafara.

Wannan kira ne ga duk gidan da ke da mai fama da zawo mai jini da majina, wanda yake lafawa ya sake dawowa wata da watanni, sannan daga baya idonsa ya yi ɗorawa, jikinsa ya kama ƙaiƙayi babu ƙurji. A al'adarmu sai a ce atini ne ko basir, a jiƙa masa sassaƙe. Idan ido ya canja a ce shawara ce, a nemo wani jiƙon dabam. Don Allah a daina raba su. Wani lokaci tushensu ɗaya ne, kuma jinkirin gane hakan yana cin rai.

Akwai wata cuta da likitoci ke kira PSC a taƙaice. Hanyoyin da ruwan madaciya ke bi daga hanta zuwa hanji ne ke kumbura, su yi tabo, su tsuke a hankali. Duk wanda ya yi noman rani a Bakolori ya san abin da ke faruwa idan magudana ta cushe: ruwa ya koma baya ya ɓata gona. Haka madaciya ke taruwa ta lalata hanta. Cutar ba ta da yawa, ta fi kama maza masu shekara 30 zuwa 40, kuma ba kasafai take zuwa ita kaɗai ba. A Turai da Amurka, inda aka fi bincikarta, kusan bakwai cikin goma na masu ita suna da kumburin babban hanji mai sa zawon jini. Wani ma hanjin nasa ya kamu amma bai ga alama ba sai an leƙa.

Nan ne babban haɗarin yake. Wanda ya haɗa ciwon biyu ya fi sauran mutane kusanci da kansar babban hanji nesa ba kusa ba, shi ya sa ake son a riƙa leƙa hanjinsa da na'ura duk shekara, ko da yana jin garau. Akwai kuma kansar hanyoyin madaciyar kansu da ta jakar madaciya, waɗanda ba sa nuna kai da wuri. Rama ba dalili da shawarar da ta tsananta farat ɗaya ba abin zuba ido ba ne.

Sauran masu rakiyar PSC suna shigowa a ɓoye. Idan madaciya ba ta isa hanji ba, jiki ba ya iya tsotse maiƙo da bitamin A, D, E da K. Daga nan sai dundumi, sai ƙashi ya yi rauni har ƙaramar faɗuwa ta karya mutum, sai haɓo ko ɗan yanka ya ƙi tsayawa. Idan hanta ta ƙandare kuma, ciki ya tara ruwa, saifa ta kumbura, jijiyoyin maƙoshi su iya fashewa.

Kada kowa ya firgita ya yanke wa kansa hukunci. Mafi yawan shawara a ƙasarmu daga ciwon hanta nau'in B take, ko zazzaɓin cizon sauro, ko sikila. Zawon jini kuma yakan zo daga gurɓataccen ruwa, ko tsutsar tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ba ya gudu, wadda masu aiki a magudanan madatsar Bakolori ya kamata su kiyaye, domin ita ma tana taɓa hanji da hanta. Gwaji ne kaɗai ke bambance waɗannan, ido ba ya iyawa. Amma in an sha Flagyl an sake sha, zawo bai daina dawowa ba, to lokacin canja hanya ya yi.

Je ka babban asibitin Talata Mafara ko na Maradun, ka faɗa wa likita duka biyun a zama ɗaya, na bayan gida da na ido, kada kunya ta hana ka. Roƙi gwajin aikin hanta da hoton ciki. In an tura ka Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ka daure ka je. Na san halin da hanyoyinmu ke ciki da ƙarancin kuɗi, amma dangi su taru su taimaka tun da sauran ƙarfi. Har yau ba a sami maganin da ke warkar da PSC ba, sai dashen hanta idan ta yi nisa, amma ana buɗe hanyar da ta toshe, ana kwantar da hanji, ana kuma kama cutar kansa tun tana ƙarama. A guji ibuprofen da diclofenac na kyamis, da jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba.

Zazzaɓi da rawar sanyi tare da shawara da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, ko ruɗewa da yawan barci: wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan a gidansa, ya kai mara lafiya asibiti a ranar, kada ya jira gari ya waye. Malamai da limamai, a taimaka a sanar da jama'a bayan sallar Juma'a.