Motar Tsere Daga Masana'anta Ko Ƙarin Ƙarfi A Gareji: Ina Riba Take?

MAIDUGURI — Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, sayen sabuwar mota ya gagari mafi yawan jama'a a Jihar Borno, kamar sauran sassan ƙasar nan. Dalar Amurka da ake canzawa a kan naira 460 da 'yan kai a kasuwar gwamnati a farkon shekarar ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Wannan ya sa masu motoci suka koma ga makanikai, wasu domin tsawaita ran motar da ke hannu, wasu kuma domin a ƙara mata ƙarfi da gudu. Tambayar da ke gabansu ita ce wadda masu sha'awar motocin tsere a Turai da Amurka suka daɗe suna muhawara a kai, watau shin ya fi riba mutum ya biya masana'anta kuɗin motar da aka ƙera musamman domin aiki mai tsanani, ko kuwa ya sayi ta gama-gari ya kai gareji a sake mata kaya?

Ga mutanen Arewa, wannan magana tana da tarihi, kuma sunan tarihin Peugeot 504. Masana'antar haɗa motocin Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma a wannan shekarar ce 504 mai ƙofa huɗu ta lashe manyan tseren motoci uku na Afirka: Safari na Kenya a hannun Ove Andersson, na Maroko a hannun Hannu Mikkola, da Bandama na ƙasar Kwaddibuwa. A 1978 kuma ƙanwarta mai ƙofa biyu, 504 Coupé mai injin V6, ta sake lashe Safari da Bandama, Jean-Pierre Nicolas na riƙe da sitiyari. Wannan nasara ta sayar wa kamfanin motoci masu ɗimbin yawa daga Legas har bakin Tafkin Chadi, kuma an ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har wajen 2006, shekaru da dama bayan an daina yin ta a Faransa.

Sai dai motar da ta ci Safari da wadda direba ke lodi da ita a tashar Kano suna ne kawai ya haɗa su. Injin V6 na Coupé ɗin da ake sayar wa jama'a yana ba da ƙarfin doki 136 ne lokacin da ya fito a 1974, alhali na tsere ya haura 200. Bugu da ƙari, injiniyoyin kamfanin sun ƙarfafa gangar jikinta, sun sa mata kejin ƙarfe a ciki domin kare direba idan ta kife, sun sauya shakazoba, birki da giya, sun kuma rufe ƙarƙashinta da faranti saboda duwatsu. Kowane sauyi an yi shi ne da sanin abin da zai jawo wa sauran sassa. Haka aka gani a tseren Paris zuwa Dakar, wanda ya sha ratsa Agadas, inda Peugeot ta yi nasara shekara huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990. A 1992 ma ayarin tseren Paris zuwa Cape Town ya bi ta Dirku da Gigimi ya shiga Njamena, watau ya gilma ta ƙofar gidan Borno.

Asalin sayar wa jama'a irin waɗannan motoci doka ce ta tsere. Hukumar tseren motoci ta duniya kan gindaya sharaɗin cewa sai kamfani ya ƙera wani adadi na mota domin sayarwa kafin a bar shi ya shiga gasa da ita. Saboda haka ne Porsche ta shirya yin 911 Carrera RS ta 1973 guda 500, amma masu saye suka yi mata rubdugu har ta ƙera 1,580. Peugeot ma sai da ta yi 205 Turbo 16 guda 200 na hawa kan titi kafin ta shiga rukunin B. Daga nan kamfanoni suka gane cewa akwai kasuwa a nan, suka mayar da abin sana'a.

Misalin da ya fi fito da lissafin fili shi ne BMW M4 CSL ta 2022. Guda 1,000 kacal aka ƙera domin duniya baki ɗaya. Injinta yana ba da ƙarfin doki 550, ƙarin 40 ke nan a kan M4 Competition wadda daga jikinta aka fitar da ita, an kuma rage mata nauyin kilo 100 ta hanyar cire kujerun baya da rage kayan hana ƙara da sa sassa marasa nauyi. Kuɗinta a Amurka ya kai kimanin dala 140,000, yayin da Competition ɗin ba ta kai dala 80,000 ba. Da canjin 2024, farashin farko ya haura naira miliyan 200, kafin kuɗin jirgi da na kwastan.

A nan masu goyon bayan gareji suke kafa hujja. Injin zamani mai turbo kwamfuta ce ke sarrafa shi, kuma ƙwararre na iya sake mata lissafi ya fitar da ƙarin doki 40, ko fiye, a kan kaso kaɗan na wancan bambancin na dala 60,000. Idan ƙarfin inji kaɗai ake saye, babu shakka gareji ya fi araha nesa ba kusa ba. Amma abin da masana'anta ke sayarwa ya haɗa da abubuwa uku da ba a gani a takardar farashi. Na farko gwaji ne, domin an zagaya da motar dubban kilomita a fagen tsere kafin a tabbatar birki, taya da lagireto za su ɗauki ƙarin ƙarfin. Na biyu garanti ne, wanda yakan faɗi a kan duk lalacewar da taɓa kwamfutar inji ta haddasa. Na uku daraja ce ranar sayarwa: mota mai ƙayyadadden adadi takan riƙe kuɗinta, har wasu su ninka kamar Carrera RS ta 1973, ita kuwa wadda aka yi wa kwaskwarima dillali yakan rage mata kuɗi ne, domin bai san hannun da ya taɓa ta ba.

A Maiduguri ba a cika ganin irin waɗannan motoci masu ƙofa biyu ba, kuma dalili a bayyane yake. Babu fagen tsere a yankin. Motar da aka saukar har ta kusa shafar ƙasa ba za ta ji daɗin hanyar Dikwa zuwa Gamborun Ngala ba. Kamfanonin sun fi son a sha musu fetur mai lambar inganci 98, wanda na gidajen man ƙasar nan bai kai ba, kuma ba a manta da gurɓataccen man da aka shigo da shi a watan Fabrairun 2022 ya lalata injuna da dama ba. Ga kuma zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu mai toshe matatar iska.

Duk da haka, kwaskwarimar gareji tana nan da ranta, sai dai manufarta neman abinci ce. Direbobin Golf da Sharan da ke jigila a hanyar Kano mai tsawon kusan kilomita 600 sukan sa sifirin mai ƙarfi a baya domin ɗaukar lodi fiye da ƙima. Wasu sukan cire tamostat daga motar Kwatano su haɗa fanka kai tsaye, bisa imanin cewa an yi motar ne domin ƙasar sanyi. Wasu kuma sukan fasa matatar hayaƙin salansa, wadda ake kira indomi, da sunan buɗe wa inji numfashi. Kayan kuwa daga Kofar Ruwa ta Kano suke zuwa, ko Ladipo ta Legas, ko Nnewi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da farashin da ake biya daga baya. Sifirin yana hana mota durƙusawa, amma bai ƙara wa birki ƙarfin tsayar da ƙarin nauyin ba, kuma taya mai ɗauke da abin da ya fi ƙarfinta a kan kwalta mai zafi ita ce ke fashewa. Injin da aka cire wa tamostat yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, sai kwamfuta ta riƙa tura masa mai fiye da bukata, abin da ake iya kau da kai a kansa sa'ad da lita ba ta kai naira 200 ba, amma ya zama asara tsagwaronta da ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Har ila yau, mai cikakkiyar inshora da ya sauya inji bai sanar da kamfani ba yana iya rasa diyya ranar haɗari. Ita kuwa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu tun 2017, don haka ƙarin gudun da direba ya biya kuɗi a kansa doka ba ta ba shi damar amfani da shi ba.

Akwai darasi a cikin garin kansa. Mustapha Gajibo, wanda ya kafa kamfanin Phoenix Renewables a Maiduguri, ya fara ne da cire injunan fetur daga ƙananan bas-bas yana sa musu batir da injin lantarki. Da aikin ya kankama, sai ya koma ƙera bas mai kujeru 12 tun daga tushe. Tafiyar tasa ta nuna cewa gareji makaranta ce mai kyau, kuma hanya ce ta shiga sana'a da ƙaramin jari, amma akwai iyakar da jikin motar da aka zana domin wani aiki zai iya ɗaukar wani daban.

Ga mai mota a Borno, lissafin da ya fito daga wannan duka shi ne a bi tsarin da injiniyoyin tsere ke bi: taya da birki da farko, sannan shakazoba da lagireto, ƙarfin inji kuwa a ƙarshe, in ma ana bukatarsa. Kuɗin da aka kashe a kan na farkon yana dawowa ta hanyar raguwar haɗari da tsawon ran mota, na ƙarshen kuwa yakan tafi ne a cikin mai da gyara. Ga hukumomi kuma, musamman Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa da kwalejojin fasaha irin su Ramat, aikin da ke gabansu shi ne horar da makanikai kan na'urorin gwajin inji da kafa ma'auni na abin da ya halatta a sauya a jikin motar haya. Tun da sabuwar mota ta yi wa talaka nisa, hannun makaniki ne zai ci gaba da riƙe rayukan fasinjojin da ke barin tashoshin Maiduguri kowace safiya.