Dama ko Hagu: Tuƙi a Ƙasar da Hannu Ya Bambanta

[Kiɗan buɗe shiri]

Gaisuwa ga mutanen Dogo-Dogo da Dungas da Magarya, da ƴan uwa na tsallaken iyaka a Babura da Maigatari, da duk direban da ke jin mu yana kan hanya. Shirinmu na musamman na yau zai duba tuƙi a ƙasashen da motoci ke bin hannun hagu, da yadda baƙo zai saba da shi ba tare da ya yi ajalin wani ko nasa ba.

Wani zai ce, mu mutanen Dogo-Dogo ina ruwanmu da hannun hagu? Da gaskiyarsa. Yau in ka taso daga Damagaram ka bi ta Magarya ka sauka Kano, ko ka bi ta Dungas ka ci kasuwar Maigatari ran Alhamis, abin da zai canza maka kuɗin aljihu ne da kakin masu tare hanya. Hannu kuwa dama ne har ka isa. Amma ku zauna da dattawan da suka yi aikin mota a da, ku ji. Wannan iyakar tamu, wadda Turawan Faransa da na Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908, ta raba har da gefen hanyar da mota ke bi. Nijar ta gaji dama daga Faransa, Najeriya ta gaji hagu daga Ingila. A zamanin da gyaɗa ke tashe, ƙasar Magarya na cikin manyan masu nomanta a Nijar, kuma da yawa daga cikinta ta Kano take bi, a loda ta a jirgin ƙasa zuwa Ikko. To direban da ya ɗauko wannan kaya, da ya wuce shingen duwan, sai ya bar dama ya koma hagu. Da ya juyo gida, ya sake komawa dama. Ba wata makaranta ya shiga ba, kuma yaron motarsa ne allon gargaɗinsa.

Ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta yi canjin hannu ta koma dama. Dalilin a fili yake: Nijar, Cadi, Kamaru da Dahome, wato Benin ta yau, duk dama suke bi, ita kaɗai ce bare a tsakiyarsu. Wata tara bayan nan ta yi canjin kuɗi, naira ta maye gurbin fam, shi ya sa tsofaffi kan haɗa biyun in suna lissafin shekaru. Saliyo ta riga ta canzawa a 1971, Gana ta biyo baya ranar 4 ga Agusta 1974. Tun daga lokacin, ɗan ciranin da ya nufi Kano ko Ikko ko Kumasi ba ya gamuwa da wannan matsala. Haka wanda ya nufi Libiya ko Aljeriya, ko alhajin da ya sauka Saudiyya.

[Ɗan kiɗa]

Masu sauraro, duniya dai ta fi Afirka ta Yamma faɗi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya suna zaune ne a ƙasashen hannun hagu: Ingila, Indiya, Pakistan, Malesiya, Indonesiya, Tailan, Japan, Kenya, Uganda, Tanzaniya, Afirka ta Kudu. Ku lura da sunayen nan da kyau, domin can ne ƴaƴanmu ke zuwa karatu, can ake kai marasa lafiya, can ƴan kasuwa ke saro kaya.

Me ke canzawa in ka shiga motar can? Sitiyari yana dama. Rana ta farko sai ka buɗe ƙofar fasinja ka zauna kana neman abin riƙewa, masu gida suna ta dariya. Giya ta koma hannunka na hagu. Ƙafafu kam ba su da sabon aiki: kuloci, birki da totur suna nan a jerensu na kullum. A motoci da yawa, musamman ƙirar Japan, in ka kai hannu za ka ba da sigina sai abin share gilashi ya kama aiki rana tsaka, ba ko ɗigon ruwa. Waɗannan duk abin dariya ne, cikin ƴan kwanaki hannu zai gane.

Wanda ba na dariya ba shi ne kwana da shataletale. A gida, kwanar dama ce mai sauƙi, ta hagu ce ke sa ka ratsa gaban masu tahowa. A can akasin haka ne, kuma bayan ka sha kwanar dole ka faɗa layin hagu, alhali jikinka na jan ka zuwa dama. Shataletale kuwa ana kewaya shi ne yadda hannun agogo ke tafiya, kuma wanda ke tahowa ta damarka shi za ka ba hanya. Akwai kuma wata ɓoyayya: da yake ka saba jikin mota yana damarka, yanzu ya koma hagunka, sai ka riƙa matsawa bakin titi ba ka sani ba, har ka goge madubin motar da ke ajiye ko ka taka mai keke. Ƙa'ida guda ce ke warware mafi yawan wannan: in motar ƙasar kake tuƙawa, kai direba kai ne ke kusa da tsakiyar titi, fasinjanka ne ke kusa da gefe. Duk sa'ad da ka ga kanka a bakin titi, ka san cewa ka kauce hanya.

Sai dai, a ganina, ranar farko ba ita ce abin tsoro ba. Ku ji abin da ya faru a Suwidin. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta 1955, sama da kashi 80 cikin 100 na masu zaɓe sun ce a bar su a hagunsu, amma majalisa ta yanke a koma dama. Ranar 3 ga Satumba 1967, da ƙarfe biyar saura minti goma na asuba, aka tsayar da motocin da ke kan titi, kowa ya lallaɓa ya koma ɗaya gefen, ƙarfe biyar daidai aka ci gaba da tafiya. An yi zaton za a kwashi gawa. Maimakon haka sai haɗurra suka ragu, domin kowa a tsorace yake tuƙi. Cikin kamar shekara biyu, da tsoron ya gushe, adadin ya koma inda yake a da. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Baƙon direba yakan yi kuskure ne bayan ya fara jin ya iya: da sassafe in titi babu kowa, ko da dare in gajiya ta kama shi, ko lokacin fitowa daga gidan mai, inda babu motar da zai bi bayanta ta tuna masa. A watan Agustan 2019, wata Ba'amurkiya da ba ta daɗe da zuwa Ingila ba ta fito daga wani sansanin soja ta kama hannun dama kamar tana ƙasarsu, ta yi karo da wani saurayi ɗan shekara 19 a kan babur, ya rasu. Ta iya mota sarai. Sabo ne ya karɓe mata sitiyari.

Kuma kada mai tafiya a ƙasa ya ce ba da shi ake ba. Mun saba duba hagu kafin mu sa ƙafa a titi. A can, motar da za ta fara iso ka ta dama take zuwa. A Landan har rubutawa ake yi a kan kwalta wurin tsallakawa, ana gaya wa baƙo ɓangaren da zai duba. Winston Churchill kansa, tun kafin ya zama firaministan Ingila, mota ta buge shi a birnin Niyok a watan Disamban 1931 saboda ya duba ɓangaren da ya saba a gida, sai da ya kwanta asibiti. Don haka mai rakiyar mara lafiya zuwa Indiya, ko da bai taɓa riƙe sitiyari ba, wannan magana tasa ce.

[Ɗan kiɗa]

Yanzu bari mu dawo gida mu faɗa wa juna gaskiya. A hanyoyin rairayi da ke tsakanin ƙauyukanmu, hannu shi ne inda tayar da ta riga ka ta bi. Ɗan kabu-kabu yana bin inda ƙasa ta fi tauri, mai amalanke yana bin inda shanunsa suka ga dama, sai an yi kiciɓis kowa ya zaɓi gefen da zai kauce. Samarinmu da yawa a nan suka koyi babur, kuma da wannan tarbiyyar suke hawa kwalta. Wanda bai riƙe dama a gida ba, ta yaya zai riƙe hagu a ƙasar mutane? Ga shi babur ba shi da kujerar direba da za ta tuna maka gefenka. Dabarar da ke taimakawa ita ce ka ɗaura ƙyalle a hannun babur na ɓangaren da ya kamata ya kasance kusa da bakin titi.

Ga mai shirin tafiya kuma: kada ka karɓi makulli ranar da ka sauka daga jirgi. Zauna gaba kusa da ɗan gari na ƴan kwanaki kana kallon yadda yake shan kwana. In akwai mota mai canza giya da kanta, fara da ita. Ka tambayi matsayin lasisinka tun kafin ka tashi. Ingila, alal misali, tana barin baƙo ya yi tuƙi da cikakken lasisin ƙasarsu har wata 12, kuma allunan gudunta da mil suke, ba kilomita ba. Ranar da Allah ya dawo da kai gida lafiya, ka sake yin wannan taka-tsantsan ɗin, domin sabon sabo ma yana biyo mutum.

Iyaye da ke da ɗa ko ƴa a ɗaya daga cikin ƙasashen nan, in kun yi waya yau, bayan kun tambayi karatu da lafiya, ku ce musu su duba dama, su duba hagu, su sake duba dama kafin su tsallaka. A nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah ya tsare hanya, sai mun sake saduwa. Wassalamu alaikum.

[Kiɗan rufe shiri]