Rige-rige a Cibiyar Kwamfuta da Maganinsa

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke gudanar da ita, zuciyar wannan manhaja kuwa ita za a kira cibiya a nan. Cikin ayyukan cibiya har da rabon ma'adana, watau wurin da ake ajiye bayanai sa'ad da ake aiki da su. An kasa ma'adana shafi-shafi, galibi kowane shafi yana ɗaukar bayit 4096.

Cibiyar Linux tana da wata dabara ta tattali. Idan ayyuka da yawa suna karanta shafi guda, ba a ba kowa nasa. Sai wanda ya nemi yin rubutu a kan shafin da ba shi da iznin canjawa, shi ake kwafa wa, ya yi rubutunsa a kan kwafin, asali kuwa ya zauna yadda yake.

A nan ne wani aibi ya ɓuya tun 2007, ba a tone shi ba sai watan Oktoba na 2016, aka laƙaba masa suna Dirty COW. Cibiya takan yi kwafin, sa'an nan ta sauke alamar neman rubutu, ta koma ɗauko shafin. Tsakanin waɗannan matakai akwai 'yar tazara. In wani aiki na biyu ya yi wuf ya sa aka zubar da kwafin a daidai wannan tazara, sai cibiya ta ɗauko asalin, ta yi rubutu a kansa. Wannan shi ne rige-rige: kowane mataki daidai yake shi kaɗai, ɓarnar tana ga wanda ya riga wani. Maɓarnaci yakan yi ta maimaita gwajin har ya dace, ya canja fayil wanda ba nasa ba, ya sami iko da kwamfutar duka. Har wayoyin Android abin ya shafa.

Maganin rige-rige iri biyu ne. Na farko kulle: aiki guda ya riƙe shafin, saura su jira har ya gama. Edsger Dijkstra ya bayyana ka'idar wannan tun 1965. Amma fa kulle in ya yi yawa yakan kawo jinkiri, wani lokaci ma ayyuka biyu su tsaya cik, kowanne yana jiran ɗan'uwansa.

Na biyu sake dubawa, shi ne kuwa Linus Torvalds ya bi a gyaran 2016. Aka daina sauke alamar neman rubutu, aka ƙara wata mai nuna an yi kwafi. Kafin cibiya ta yarda da rubutu, tilas ta tabbatar shafin da ke hannunta shi ne kwafin. In an zubar da shi, sai ta koma ta sake wani.