Ƙullutun da ke toshe ciki: yadda likitoci ke gano shi da magance shi

A shekara ta 2007, likitoci a birnin Chicago na Amurka sun ba da rahoton cire wani dunƙulen gashi mai nauyin kilo 4.5 daga cikin wata budurwa 'yar shekara 18, wadda ta shafe watanni biyar tana fama da ciwon ciki da amai. Ashe ta daɗe tana cin gashin kanta.

Irin wannan ƙullutu, wanda likitoci ke kira bezoar, yana samuwa ne idan abin da ciki ya kasa narkarwa ya taru ya dunƙule. Wanda aka fi gani shi ne na ɓawo da zare-zaren 'ya'yan itatuwa da ganyaye, musamman persimmon, wani ɗan itace dangin kanya da ake yawan ci a gabashin Asiya.

Waɗanda aka taɓa yi wa tiyata a ciki, da masu ciwon sukarin da ya rage wa cikinsu ƙarfin tura abinci, da tsofaffin da ba sa iya tauna sosai, su ne suka fi shiga haɗari.

Matsalar ita ce alamominsa, wato ƙoshi da wuri, da tashin zuciya, da rama, suna kama da na gyambon ciki. Don haka sai an ɗauki hoton ciki, ko an zura siririn bututu mai kyamara ta baki, kafin a tabbatar.

Magani kuwa ya dogara ne da abin da ya haɗa ƙullutun.

A shekara ta 2002, wasu likitoci a ƙasar Girka sun narkar da na tsirrai a jikin mutane biyar ta hanyar wanke musu ciki da Coca-Cola. Sai dai wannan aikin asibiti ne, domin ɓaraguzan na iya gangarawa su toshe ƙaramin hanji. Wani lokaci kuma da bututun ake farfasa shi a kwashe.

Gashi kam ba ya narkewa. Idan dunƙulen ya girma, sai an yi tiyata, sannan a haɗa majinyacin da likitan ƙwaƙwalwa, domin muddin bai daina cin gashin ba, ƙullutun na iya dawowa.