Idan Mota Ta Ƙi Tashi: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Tun 1929 da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda, can mutanen ƙasar Zurmi da Shinkafi suka saba zuwa neman masu gyaran ƙarfe. Har yau in motar Hakimi ta ƙi tashi a gari kamar Birnin Tsaba, saƙon da a ke aika wa makaniki bai wuce "mota ta mutu" ba. Sai ya taso ba da kayan da ya kamata ba, ya sake komawa, yini ya tafi, alhali wataƙila mai naƙuda a ke so a kai asibiti. Ga shi kuma saboda halin tsaro ba mai son dare ya same shi a hanya. Yawancin motocin nan tsofaffi ne, kamar Land Rover da Peugeot 504 wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, aibinsu kuwa ba ya ɓuya ga mai lura.

Da fari a rarrabe abu biyu: ko inji ba ya juyawa sam, ko kuwa yana juyawa amma ba ya kamawa. Ciwonsu dabam ne, maganinsu ma dabam.

In ba ya juyawa, direba ya kunna manyan fitilu, wani ya tsaya gaba yana kallonsu, sa'an nan a murɗa makulli. Idan tun farko haskensu ja ne, aka kuma ji ƙas-ƙas-ƙas, batir ya yi sanyi. Idan suna da haske sosai amma da murɗa makulli suka dushe, galibi laifin kan batir ne. Dalili kuwa, fitilu biyu ba su jan wuta fiye da amfiya 10, amma kik, watau ƙaramin injin da ke juya babban, yana jan fiye da 100. Kan da ya kwance ko ya yi tsatsa ya ishi fitila, bai ishi kik ba. Batura masu lafiya da yawa an yar da su a banza saboda rashin sanin wannan.

Gyaransa ba wuya. A kwance wayar da ke haɗe da jikin mota tukuna, kana ɗayar. Farin garin da ya taru a kai a wanke shi da ruwan zafi da 'yar kanwa, amma fa kada ruwan kanwar ya shiga cikin batir, domin zai kashe shi. A kankare har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam, a shafa giris. A duba kuma inda wayar ta kama jikin mota, don gargadar hanya ta kan kwance ta. Kada a kusanto da taba ko ashana, gama iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta.

Idan fitilu ba su ko motsa ba, aka ji ƙas sau ɗaya ko shiru, batir ya kuɓuta. Laifin yana ga makulli, ko waya, ko kik kansa. Wani lokaci in aka ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da sifana ya kan juya, alamar gawayinsa ya cinye ke nan. Wannan dabarar isa gida ce kurum.

Mota mai kuloci ana iya tura ta a giya ta biyu ta tashi. Amma akwai inda turi ke jawo hasara babba. In da damina ne, motar kuwa ta mutu tana tsallaka ƙorama, kamar waɗanda ke zuba a Gulbin Gagare ko Bunsuru, mai yiwuwa ruwa ya shiga inji. Ruwa ba ya matsuwa, saboda haka turi zai lanƙwashe ƙarafan ciki. Sai a cire filogi duka a fitar da ruwan tukuna. Haka kuma in aka zaro sandar awon baƙin mai aka gan ta a bushe, a bar motar inda ta ke.

In kuwa inji yana juyawa bai kama ba, a daina murɗa makulli fiye da daƙiƙa 10 a jere. A zura kara a tanki, don agogon mai na tsohuwar mota ba abin gaskatawa ba ne. Bayan haka a duba ko filogi na ba da tartsatsi.

Ya kamata Malamin Hakimi ya rubuta abin da aka gani kafin a buga wa makaniki waya: irin motar, da halin fitilu, da ƙarar da aka ji, da ko jar fitilar caji ta kama a tafiyar da ta wuce. In ta kama, a ce masa ya riƙo fanbel, domin ko an sa sabon batir, muddin ba ya samun caji, cikin 'yan kwanaki zai mutu kamar na farko.